YADDA MAHARBAN AMURKA KE ZAƁEN JAKAR ƊAUKO NAMA DAGA DAJI

A ƙasar Alaska, can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka, akwai wani naman daji da mutanen ƙasar ke kira mus. Yana tuƙa kamar gwanki da ɓauna, kofatonsa a rabe, amma ya fi doki tsawo, ƙahonin namijin kuwa masu faɗi ne kamar an buɗe tafin hannu, su kan zube kowace shekara waɗansu su sake fitowa. Namiji ƙosasshe ya kan yi laba 1,200 har zuwa 1,600, watau da wuya a ga bijimin sa a kara wanda zai kama ƙafarsa. Ga waɗanda suka fi sabawa da kilo, laba biyu da 'yan kai su ne kilo guda.

Hukumar da ke lura da kifi da namun daji ta Alaska ta lissafa cewa a kan kashe mus 6,000 zuwa 8,000 kowace shekara, naman da a ke samu kuwa wajen laba miliyan 3 da rabi ne. In aka raba, kowane guda ya ba da wajen laba 500 ke nan. Dokokin Amurka galibi sun hana sayar da naman da aka harbo a daji, saboda haka wannan nama cefanen gida ne, iyali da yawa shi za su yi ta ci har shekara ta zagayo, a ƙasar da a ke kawo yawancin abinci daga nesa cikin jirgin ruwa da na sama, da tsada ƙwarai.

To, ranar da maharbi ya ka da irin wannan dabba, a ran nan aikinsa ya fara. Wurin da ta faɗi yawanci babu hanyar mota, sai fadama da sarƙaƙiya da tudu da gangare. Shi ya zo ne cikin kwalekwale, ko cikin ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, tilas kuwa ya kai naman nan har bakin ruwa a bayansa. Ba shi da damar ya zaɓi inda ya ke so ya bar saura, gama dokar Alaska ta lissafa abin da lalle a kwaso: naman wuya, da ƙirji, da haƙarƙari, da karfata biyu da cinya biyu har zuwa gwiwa, da naman gadon baya. Wanda ya bar ko da cinyoyin nan su lalace, in kotu ta kama shi da laifi, mafi ƙarancin hukuncinsa kwana 7 a gidan yari da tarar dala 2,500. Dokar ta kuma hana a ɗauko ƙaho daga wurin da dabbar ta faɗi sai an gama kwashe nama, ko kuwa tare da kayan ƙarshe, don an ga waɗansu ƙahon kaɗai ya kai su daji. A waɗansu gundumomi ma ba a yarda a fid da ƙashi daga cinya da karfata ba sai an fito da su, domin nama a jikin ƙashi ya fi jimrewa. Cinyar babban mus guda ɗaya da ƙashinta ta fi laba 100.

Malaman makaranta za su iya ba yara wannan a darasin lissafi. A ce nama laba 560 ne, mutum kuwa laba 70 ya ke iya ɗauka, kwalekwalensa yana mil 1 daga wurin. Sawu 8 ke nan, tafiya da komowa mil 16, rabinsu da kaya a baya, cikin laka wadda wani wurin ta kan kai gwiwa. Shi ya sa tsofaffin maharban ƙasar su kan gargaɗi baƙo kada ya kuskura ya harbi mus a inda ya fi mil guda daga jirginsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Can kudu kuma, a duwatsun Roki, a jihohi irin su Kolorado da Montana da Idaho, abin da aka fi farauta shi ne elik, wanda namijinsa ya kan yi wajen laba 700, in an fid da ƙashi a sami tsoka laba 200 ko fiye. Nan nauyin bai kai na mus ba, amma nisa da hawa sun fi. Tun 1964, sa'ad da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar keɓe manyan dazuzzuka, akwai wurare masu faɗin gaske inda aka hana shiga da mota ko babur, har keke da amalanke ma an hana. Mai hali ya kan yi hayar dawakai da alfadarai. Wanda ba shi da hali, shi ne jakin kansa.

ME YA HANA A ƊORA A KA?

Mai karatu zai ce, ina gammo? Tambayar da gaskiyarta. 'Yan alaro na zamanin Turawa da kayan wajen laba 60 a ka su ke wuni suna tafiya, kwana da kwanaki. A 1986 kuma waɗansu masana sun auna matan ƙabilun Luo da Kikuyu na ƙasar Kenya, suka tarar mace tana iya ɗaukar kayan da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinta ba tare da ta ƙara kashe ƙarfi ba. Amma wannan gwaninta tun ana yaro a ke koyonta, kuma tana son hanya a buɗe. Maharbin Alaska sunkuye ya ke ratsa rassan itatuwa, yana tsallake kututture, yana hawan gangaren da sai ya dafa da hannu, ga bindiga, ga sanda. Kayan da ke bisa kai ba za su yi taki goma a nan ba.

Mutanen ƙasar na asali, tun kafin zuwan Turawa, da maɗaurin fata su ke goyon kaya, su rataya shi a goshi, kayan na kwance a baya. Fataken fatu na Kanada, masu tuƙa kwalekwale a ƙarni na 18 da farkon na 19, sun koyi wannan dabara daga gare su, har mutum ya kan ɗauki ƙunshi biyu, kowane laba 90, ya ƙetare tudu daga wannan kogi zuwa wancan. Sun yi suna da ƙarfi, amma da yawa ƙaba ta kama su.

Dabarar ɗaure kaya a jikin itace sa'an nan a goya ita ma tsohuwa ce. A 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a duwatsun Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu shekara wajen 5,300 da suka wuce, a cikin kayansa har da wata sanda lanƙwasasshiya da 'yan alluna waɗanda masana ke ɗauka firam ne na goyon kaya. A 1908 wani maharbi ɗan Norwe, Ole Bergan, jakarsa ta dame shi a wurin farauta, ya tanƙwara reshen itace ya yi mata madogara, daga baya ya mai da ita ta ƙarfe ya shiga sayarwa. A 1920 Lloyd Nelson ya yi tafiya a Alaska da wata jakar aro ta mutanen ƙasar, fatar dabbar ruwa ce aka ɗame a kan sanduna, ya komo gida ya ƙera allon goyo na katako da tamfol, wanda masu kashe gobarar daji da masu neman ma'adini suka yi shekaru suna aiki da shi.

Amma wanda ya kawo babban canji wani kafinta ne na Kalifoniya, Dick Kelty. An ba da labari cewa suna tafiya a duwatsu da wani abokinsa, sai abokin ya cusa ƙafafun allon goyonsa cikin aljihunan wandonsa na baya, nan take ya ji kafaɗunsa sun huta, don nauyin ya koma ƙugu. A 1952 Kelty ya fara ƙera firam na alminiyam a gidansa, matarsa Nena tana ɗinka jakunkunan, da maɗauri a ƙugu. Guda 29 suka sayar a shekarar farko, kowace dala 24. A 1967 kuma Greg Lowe ya shigar da sandunan cikin jikin jakar, don ta manne da bayan mai hawan dutse. Duk jakunkunan da maharba ke gardama a kansu yau daga waɗannan biyu suka fito.

FIRAM DA ƊAMARA

Wanda ya shiga kanti zai sayi jakar ɗauko nama, abin da ke fara jan idonsa shi ne aljihuna da zif da launin zane. Waɗannan su ne na ƙarshe da ya kamata ya duba. Na fari shi ne firam, watau ƙashin bayan jakar. Aikinsa guda ne: ya karɓi nauyin kaya ya saukar da shi a kan ƙugu, inda manyan ƙasusuwa da cinyoyi su ke. Firam ɗin da ya ke tsaye sosai da laba 30 yana iya lanƙwashewa kamar kara in an aza masa laba 90, da ya lanƙwashe kuwa nauyin ya komo kafaɗa, hannuwa su yi sanyi su mutu, wuya ya sage. Don haka masana abin su kan kama firam da hannu biyu su danna daga sama zuwa ƙasa. In ya ba da kai, su ajiye shi. Amma su kan so ya ɗan murɗa gefe da gefe, don ya bi motsin ƙugun mai tafiya. Yawanci da alminiyam a ke yinsa, na zamani kuma da wani abu da a ke kira kabon, zare ne da a ke saƙawa a daskarar da shi da ƙaro, ba nauyi ga ƙarfi, sai dai in ya sha wuya ƙwarai ya kan karye gaba ɗaya, alhali alminiyam lanƙwasa ya ke yi a miƙe shi.

Na biyu ɗamara. Ita ce ke karɓar mafi yawan nauyin, saboda haka a kanta aka fi yin kuskure. Wurin zamanta a kan ƙasusuwan nan biyu na ƙugu da mutum ke ji in ya riƙe kwankwasonsa, ta lulluɓe su, rabi sama rabi ƙasa. In ta yi yawa, mutum ya ja maɗauri har ƙarshe ba ta kama ba, za ta yi ta zamewa ƙasa kowane taki. Akwai wani abin lura kuma. Mutum ya kan rame in ya yi mako guda a daji yana hawa da sauka, kuma rigar sanyin da ya sa da asuba zai tuɓe ta da hantsi, don haka ɗamarar da ta yi masa daidai a kanti tana iya yi masa yawa ranar da ya fi bukatarta. Gwamma a ɗauki wadda ta bar sauran wurin ja. A tsakiyarta ta baya akwai wani ɗan matashi da ke zama a kwarin baya, shi ne ke hana kaya sulalewa. Wani bayansa mai kwari ne, wani miƙaƙƙe, abin da ya yi wa wannan daɗi shi zai ƙuje wa wancan fata.

Sai waɗansu 'yan maɗaurai biyu da ke tashi daga saman firam su sauko kan maratayan kafaɗa. Mu dai mun sa musu suna linzami, don aikinsu ke nan: in an ja su sai su jawo kan kaya zuwa ga mutum, su ɗage maratayan daga kafaɗarsa kaɗan. Ba su yin aiki sai firam ya ɗara kafaɗa tsawo, linzamin ya gangaro daga sama. In firam gajere ne, suka kwanta daidai da kafaɗa, ado ne kawai. Shi ya sa masu ƙera jakunkunan su kan yi firam iri iri, daga inci 22 zuwa 26, kuma ba da tsawon mutum duka a ke awo ba. A kan auna ne daga ƙashin nan da ke fitowa a dokin wuya in an sunkuyar da kai, zuwa daidai saman ƙasusuwan ƙugu. Dogon mutum yana iya zama mai gajeren baya, tsawon duk a ƙafa ya ke. Firam mai tsawo kuma da aibinsa, gama ya kan riƙa karo da rassa, ya hana mutum ɗaga kai ya dubi sama a wurin hawa.

INDA NAMA KE ZAMA

Kowa ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa ya san in ya rungume shi a ƙirji ba ya jin nauyinsa kamar in ya miƙe hannu da shi. Haka kaya a baya. Ko da inci kaɗan nama ya yi nesa da gadon baya, sai ya riƙa jan mutum baya, shi kuwa ya riƙa sunkuyawa don ya rama, kwankwaso ya biya bashin. Wurin da ya dace shi ne a manne da baya, tsakanin allunan kafaɗa, kada ya zauna can ƙasa a kan ɗuwawu.

Saboda wannan aka ƙago kanta. Jakunkunan maharba na yanzu a kan iya ɓalle jakar ta ja baya daga firam, a sami fili a tsakani da wani zane a ƙasa mai tare kaya. Nan a ke cusa nama, sa'an nan a mai da jakar a ɗame ta da maɗaurai, tanti da bargo da abinci suna ciki, jini bai taɓa su ba. Ta haka mutum ya kan fito da kayan kwanansa da sawun farko na nama a tafiya guda. Maɗauran nan lalle su yi yawa, su yi tsawo, don tsokar da aka fid da ƙashinta ba ta da siffa, kamar kunu ta ke a cikin buhu, duk ta taru a ƙasa ta zama dunƙule in ba a matse ta ba. Kayan da ke rawa a baya kuwa su ke ka da mutum a gangare.

Kamfanoni da dama sun yi suna a wannan sana'a, kamar Mystery Ranch da Stone Glacier na garin Bozeman a Montana, da Exo na Idaho, da Kifaru, wanda sunansa da Suwahili karkanda ke nan. Jaka mai kyau da firam ɗinta ta kan yi laba 5 zuwa 7 ba kaya, kuɗinta kuwa ya kan wuce dala 500. A Alaska har yanzu jagororin farauta da yawa ba su rabu da tsohon firam na bututun alminiyam mai kanta a ƙasa ba, irin wanda kantin Barney's na birnin Anchorage ya shahara da shi. A ganinmu suna da hujja. Cinyar mus da ƙashinta ba ta shiga jaka, ɗaure ta a ke yi kamar itacen wuta, kuma babu abin da ya fi firam tsirara daɗin ɗauri. Amma mai bin elik ko ragon dutse kwana biyar a kan tsauni, da gidansa a bayansa, mai kanta a tsakani ta fi masa.

Akwai wata yayi da ba mu yarda da ita ba, ta neman jaka mafi rashin nauyi ko ta halin ƙaƙa. Mutum ya biya kuɗi mai yawa don a rage masa laba guda, aka rage kaurin ɗamara da ƙwarin maɓalli, ran da ya aza laba 90 ya gane abin da ya sayar. Maɓallin ɗamara na roba ne, in aka taka shi cikin sanyi ya fashe, jakar duka ta tashi daga aiki, don haka mai hankali ya kan sa wani a aljihu tare da 'yar igiya. Zanen da aka fi so nailan ne mai kauri wanda ƙaya ba ta yaga shi, a kuma duba ɗinki a inda maratayi ya haɗu da firam, gama nan ya ke fara tsinkewa. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba ta sa jaka ta dace da bayan da ba a auna ba.

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Jakar da ba kaya kowace da daɗi ta ke. Maharban da suka san abin su kan ɗaure buhun yashi ko na gishiri na laba 60 zuwa 80 a kan kanta, su yi ta hawan tudu da shi watanni kafin lokacin farauta. A mil na farko ba a jin kome. A na uku ne ɗamara ke fara zamewa, wani wuri ya fara zafi, firam ya fara kuka, kukan da zai kori dabba tun daga nesa. Gwajin nan kuma jiki ya ke horarwa, don gwiwa da idon sawu ba su san kuɗin jaka ba. Har tashi da kaya sai an koya: a jingina jakar a jikin kututture, mutum ya zauna ya shiga maratayan ya ɗaura ɗamara, ya juya ya durƙusa, sa'an nan ya dogara sanda ya miƙe. Wanda ya fizgi laba 100 da hannu guda ya wurga a kafaɗa, yana iya gama farautarsa a nan.

Abin da ke sa gaggawa duka shi ne zafi. Da yawa daga farautar nan a watan Satumba a ke yinta, da dare sanyi, da rana kuwa a duwatsun Roki zafi ya kan taso. Nama yana son ya sauko wajen awo 4 a ma'aunin Selsiyas, babbar cinya kuwa daga ciki ta ke fara ruɓewa, kusa da ƙashi, inda zafin jiki ya daɗe bai fita ba. Don haka da dabba ta faɗi a ke feɗe ta, a yanka gunduwa gunduwa, a sa cikin buhunan zane masu shan iska don ƙuda kada ya yi ƙwai, a rataya a inuwa. Leda ba ta yi, tana riƙe zafi da gumi. Naman da aka matse a bayan mutum shi ma ba ya shan iska, da an isa sai a kwance shi a sake ratayawa.

Ga kuma beya, wani naman daji mai faratu da ƙarfin gaske, wanda ke jin ƙaurin jini daga nesa. Tun da ya ke sawu da yawa za a yi, a kan fara janye naman kamar yadi 100 daga inda aka zubar da kayan ciki, a ajiye shi a sarari inda za a hango shi tun kafin a iso. Kowane komowa mutum ya kan tsaya ya duba, ya yi magana da ƙarfi, in ya ga an ja buhu ko an tara ƙasa da ganye a kansa ya san mai wurin ya zo, sai ya ja da baya.

Sawun ƙarshe shi ne na ƙaho. A kan ɗaure shi a firam da tsininsa ƙasa, a lulluɓe shi da ƙyalle mai launin lemo mai haske, irin launin da dokar Kolorado ta sa masu farauta da bindiga su sa a jikinsu, domin kada wani maharbi ya hango ƙaho yana tafe cikin itatuwa ya ɗana kunama.